Shuɗiyar Dawa A Gonar Sanatu

Akwai wani manomin gyaɗa a wani ƙauyen Dagomba kusa da Tolon, sunansa Napari. Tun da ya sayi injin feshi na goyo, ba mai gaya masa noma ya ji.

Yayarsa Sanatu ita ce magajiyar matan da ke kai gyaɗa wurin masu haɗa abincin yara. Shekara tara tana riƙe da wannan girma.

Wata damina malamin gona ya raba musu wata dawa mai launin shuɗi. Ya ce tana ɗauke da fumfuna mai kyau, wadda ke korar muguwar da ke sa wa gyaɗa guba. A watsa ta kafin fure, kuma kada a yi feshi a kanta.

Napari ya leƙa gonar Sanatu, ya tarar tana watsa ta, ya tuntsire da dariya.

"Yaya, abincin zabi kike watsawa? Fumfuna ta kori fumfuna? Ɓarawo ya yi gadin ɓarawo ke nan!"

"Kai dai ji da taka, sarkin feshi," in ji ta.

Ranar kasuwa da ta tafi, ya goya injinsa ya feshe mata gonar tas. A ransa taimako ya yi. Maganin kuwa ya kashe fumfunar kirkin, muguwar ta dawo daga baya.

Da kaka aka gwada gyaɗar kowa, a ga ko da guba. Ta dukan matan ta wuce, sai ta magajiya kaɗai aka mayar.

"Kaji ta ba wa dawar!" wata ta faɗa. "Mu ta ce mu watsa, ita ba ta watsa ba."

Sanatu ta rantse har da hawaye, ba wanda ya yarda. Napari na tsaye a wurin, kunya ta ɗaure masa baki. A ranar aka naɗa wata magajiyar.

Sai bayan wata biyu ya same ta tana ɓarar gyaɗa, ya durƙusa ya faɗi gaskiya. Hannunta bai tsaya ba.

"Feshin na yafe, Napari, ba ka sani ba. Amma ranar da aka kira ni maƙaryaciya, ai ka sani."

Ya bi gida gida yana wanke ta, sai dai girman bai dawo ba. Har yau in ya ga shuɗiyar dawar nan, sai ya sunkuyar da kai.

Darasi: Abin da ba ka fahimta ba, tambaya kafin ka sa hannu. In kuma ka yi ɓarna, faɗi gaskiya tun tana da amfani. Ku tura wa wani, ko zai tsira daga irin wannan da-na-sani.