Lakar Zanzaro a Tiyon Jirgi

Akwai wani mutum, manomin citta, a wani ƙauye da ke gindin dutse. Baban Dinatu kowa yake kiransa, har sunansa na yanka ya kusa ɓacewa. Yana da ɗa mai aiki a birni, wanda ya zo gida wata Kirsimeti da dogon kwali a kafaɗa. Uwar ta zaci fanka ce. Da aka buɗe kuwa, sai ga jirgin sama, ƙarami, tsawonsa bai kai taɓarya ba.

Kada ku ce irin na roba ne da ake ja da zare. Wannan yana da inji na gaske kamar dunƙulen hannu, da farfela a hanci, da tankin mai da bai fi kwalbar magani ba. Tsakanin tankin da injin akwai wani siririn tiyo na roba, kaurinsa kamar taliya, ta cikinsa mai yake bi. Mutum yana tsaye a ƙasa da rimot a hannu, jirgi yana sama yana yi masa biyayya.

Ɗan ya koya wa uban tuƙi a filin coci, har hannun tsohon ya faɗa. Ranar da zai koma birni ya ce, "Baba, in za ka ajiye shi, ka cire tiyon daga jikin inji, ka tsiyaye man duka. Sa'an nan ka toshe bakin tiyon da ɗan murfin nan. Kada ka bar shi a buɗe."

Baban Dinatu ya ce, "Na ji."

Rabin farko ya ji. Ya cire tiyo, ya tsiyaye mai, ya rataye jirgi a rufin falo. Murfin kuwa ya faɗa aljihun wata riga, rigar ta tafi wanki a rafi, labarinsa ya ƙare a nan.

To, mutumin nan yana da aboki, Filibus, tun suna kiwon awaki tare suke tsokanar juna. Filibus bai ga tashin jirgin ba, gama lokacin yana wurin 'yarsa a birni neman maganin ido. Yanar ido ce take rufe masa gani, magani kuwa bai yi ba. Da rana tsaka yana gani dishi-dishi. Rana tana yin sanyi, shi ke nan, sai lalube.

Da ya dawo, ya dogara sandarsa har gidan abokinsa, ya ce, "Ina jirgin da aka cika mana kunne da shi?"

"Ɗaga kanka, tsoho. Ga shi bisa kanka."

Filibus ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo. "Wannan? Na zaci busasshen kifi ne Maman Dinatu ta rataya."

"Kifin nan ya wuce kan ɗorawar bakin coci."

"A bakinka ya wuce." Filibus ya yi dariya, sa'an nan ya rage murya. "Ka tashe shi in gani, abokina, tun ina da abin ganin. Kullum abin ƙara rufewa yake."

Maganar ta shiga zuciyar Baban Dinatu. Amma da ya dubi jirginsa, sai ya ga fari ne fat kamar motar asibiti. Ya ce a ransa, in dai wannan ne abu na ƙarshe da Filibus zai gani da kyau, ai ba zai gan shi haka tsirara ba. Ya ce, "Ka ɗan ba ni lokaci in shirya shi."

Ya kuwa shirya shi. Ya shafe shi da jan fentin da ya ragu na ƙofar gida. Da ya bushe, ya ga jan ya yi kaɗaici, ya yi masa ratsin ruwan ɗorawa. Ya rubuta sunansa a fiffiken dama, ya ga na hagu ya zama maraya, ya rubuta na matarsa. Damina ta sauka, ya je gona ya dawo ya goge jirgi. Kowace safiya kafin ya wanke fuskarsa sai ya goge ta jirgi. Har mayafin leshin da matarsa take rufe kwanuka da shi ya ɗauke ya lulluɓa masa. Duk sa'ad da Filibus ya tambaya, sai ya ce, "Saura kaɗan."

A ƙarƙashin leshin nan, bakin tiyo yana reto a buɗe.

Wata rana Maman Dinatu tana shara ta ce, "Maigida, akwai wani ɗan zanzaro da yake shiga cikin jirgin nan yana fita. Tun jiya nake ganinsa, da laka a bakinsa."

Ya ce, "Bar shi. Fasinja ne. Shi ma ya san abu mai kyau."

"Fasinjan da yake zuwa da kayan gini?"

"Maman Dinatu, ɗan ƙwaron da bai kai ƙwayar shinkafa ba, me zai yi wa inji?"

Ta ce, "To," ta ci gaba da shararta. Duk wanda ya yi aure ya san irin wannan "to".

Ya zama kuwa, da kaka ta yi, 'yar Filibus ta aiko cewa washegarin bikin godiya za ta zo ta tafi da ubanta, ya zauna wurinta gaba ɗaya, gama ya fara cin karo da turmi a tsakar gida. Labari ya kai kunnen Baban Dinatu. Ya tashi a taron zumuntar maza ya yi shela cewa ranar godiya, bayan sujada, jirgi zai tashi.

Ranar ta zo. Sujada ta yi tsawo yadda ta saba, aka kai doya da dawa da kaji gaban bagade, aka ci aka sha, rana ta karkata kafin a fito fili. Aka ajiye wa Filibus kujera a gaba, ya zauna da sabuwar hularsa. Matan zumunta suka jera da gangunansu. Baban Dinatu ya yaye leshi, jama'a suka yi ta tafi, gama jirgin ya yi kyau, wannan ba ƙarya.

Ya cika tanki. Ya maƙala tiyo a jikin inji, ko kallonsa bai yi ba. Ya ɗiga wa injin mai kaɗan a baki yadda ɗansa ya koya masa, ya haɗa batir, ya kaɗa farfela. Inji ya kama da ƙara, mata suka saki guɗa, jirgi ya ruga a guje kamar zakaran da aka kora. Bai yi nisa ba ya yi tari, ya mutu, ya gangara a hankali ya tsaya gaban wata akuya. Akuyar ta shinshina shi, ta juya.

Filibus ya ce, "Ya tashi ne? Na ji guɗa."

"Ɗumama jiki yake yi."

Ya sake ɗiga mai, ya sake kaɗawa. Inji ya lashe ɗigon da aka ba shi a baki, ya sake mutuwa. Haka ya yi ta yi. Baban Dinatu ya ce fulogin inji ne, ya kwance ya hura ya mayar. Ya ce batir ne. Ya ce man ne ya kwana. Daga baya ya fara kallon jama'a ɗaya-ɗaya, yana cewa akwai waɗanda tun farko ba su so abin nan da alheri ba. Masu ganga suka ajiye ganga. Inuwar ɗorawa ta miƙe har ta taɓa ƙafar Filibus, Baban Dinatu kuwa ya ga haka, ya kuma sani in inuwar ta rufe filin, ko jirgin gaske ne ya sauka abokinsa ba zai gani ba.

Filibus ya ce, "Kawo shi nan. In ban gan shi a sama ba, in taɓa shi a ƙasa."

Aka ɗora masa a cinya. Ya shafa fiffike, ya shafa farfela, yatsunsa suka bi ta kan tiyo, suka tsaya. Ya matsa. Ya ce, "Kai, robar nan da ƙashi aka yi ta?"

"Wane irin ƙashi?"

"Taɓa nan."

Baban Dinatu ya taɓa, ya ji abu tauri kamar tsakuwa. Ya cire tiyon, ya sa a baki ya hura. Kumatunsa suka kumbura, idanunsa suka fito, iska ba ta wuce ba. Sai ya ji muryar matarsa a bayansa, a hankali, yadda shi kaɗai zai ji.

"Maigida, fasinjan naka ya sauka kuwa?"

Ya miƙa hannu kawai, ita kuwa ta riga ta zaro tsinke daga tsintsiyar coci. Ya zura a hankali, sai ga busasshiyar laka tana fitowa gari-gari, har da 'yar tsutsar da zanzaro ya ajiye wa 'ya'yansa. Ya wanke tiyon da mai, ya hura har ya yi fito, ya mayar. Ya sake kaɗa farfela.

Wannan karon inji ya kama, ya riƙe. Jirgi ya ruga, ya ɗaga hanci, ya bar ƙasa, ya wuce kan ɗorawa. Jama'a suka miƙe tsaye. Baban Dinatu ya waiga, sai ya ga Filibus yana ta murmushi yana nuna sama da sanda, amma wani gefen dabam.

"Na gan shi, abokina. Har fiffike yake kaɗawa."

"Wannan shirwa ce, tsoho. Zauna daidai, kada ka motsa. Zan kawo maka shi."

Ya juyo da jirgin, ya sa hasken ranar da ya rage a jikinsa, ya sauko da shi ƙasa, ƙasa, ya nufo kujerar. Matan zumunta suka watse. Jirgin ya zo ja wur a gaban fuskar Filibus, ya kwashe sabuwar hular, ya je ya dasa hanci cikin tulin dawar godiya da aka fito da ita fili.

Baban Dinatu ya yar da rimot, ya zo ya durƙusa gaban kujerar. "Ka gan shi?"

Filibus ya shafa sanƙonsa. "Na gan shi. Ja ne, da ratsin ruwan ɗorawa." Ya laluba ya kama hannun abokinsa, ya riƙe da ƙarfi. "Fentin ya yi yawa."

Yanzu ga ma'anar misalin nan, 'ya'yana, ku buɗe kunne.

Jirgin nan kai ne, ke ce. Tankin da yake cike alherin Ubangiji ne, ba a taɓa zuwa aka tarar ya ƙare ba. Injin zuciyarka ce. Siririn tiyon nan da ba mai yaba masa, shi ne addu'arka da zamanka da Maganar Allah a ɗaka, inda ba mai gani. Ta nan kaɗai alherin yake bi ya iso zuciya.

Fenti kuwa kun san shi. Shi ne ankon zumunta, da takalmin Lahadi, da murya mai daɗi a ƙungiyar waƙa. Ban ce ku zo coci da datti ba. Amma wasunku turarensu ya fi addu'arsu nisa, ina zaune a baya ina ji.

Ɗigon man da ake zuba wa inji a baki, shi ne wa'azin Lahadi. Yana tashe ka, ka yi ƙara, ka ruga da gudu, kafin Talata ka mutu a gaban akuya. Sai ka ce laifin fasto ne, laifin mawaƙa ne, maƙiya ne. Ba kowa ba ne, ɗana. Taɓa tiyonka.

Zanzaro bai zo da bulo ba. Laka kaɗan-kaɗan ya yi ta kawowa: 'yar gaba da maƙwabciya, 'yar gulma bayan an tashi, "na gaji, gobe zan yi addu'a". In wani na gida ya ce maka ya ga ƙwaro yana shiga, kada ka ce fasinja ne. Ka gode masa, ka nemi tsinke. Tsinken shi ne tuba, ba shi da kyan gani, amma shi yake buɗe hanya.

Filibus kuma yana nan a gidan kowa. Akwai wanda yake zaune yana jira ya ga ko bangaskiyar da kake faɗa da baki tana tashi, ko mijinki ne, ko uwarka, ko abokin da kuka yi kiwo tare. Kana ce masa saura kaɗan, ranarsa kuwa tana karkata. Mutumin nan Ubangiji ya yi masa jinƙai, ya sami ɗan hasken da ya rage. Ban yi muku alkawarin kowa zai samu ba. Ku ajiye gwangwanin fentin nan yau, ku je ku hura tiyo.