Hannun da Ya Ƙi Jifa a Mina

Ya 'yan uwa, a nan unguwar Rusaifa ta Makka aka yi wani mutum, jikan alhazai 'yan Kano. Da ƙuruciya ya tafi aiki gabas wajen masu haƙar mai, ya tarar da Amurkawa suna besbol, wasan da ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya yana dukan ta da gora. Allah ya ba shi hannu. Suka kai shi ƙasarsu, jifa ya zama sana'arsa, ya yi suna.

Wata rana wani saurayi ya doke ƙwallonsa har bayan fili, ya dube shi ya yi dariya. Dariya fa kawai! Da yaron ya sake tsayawa, mutumin nan ya auna gefen kansa ya saki. Ƙwallon nan tauri gare ta kamar dutse. Yaron bai ƙara tashi ba.

Kowa ya ce tsautsayi ne, shi kuma ya yi shiru. Uwar yaron tana raye, bai je neman gafararta ba. Ya ce a ransa ai ba Musulmi ba ne, ni kuwa ɗan Makka ne, ɗawafi ɗaya ya wanke ni. Subhanallah! Wa ya gaya masa zama kusa da Masallacin Harami yana goge jini?

Ya dawo gida, ya yi aure, ya tsufa. Amma duk shekarar da ya hau Hajji, in ya zo wurin jifa a Mina ya ɗaga tsakuwa, fuskar yaron yake gani, tana dariyar nan. Sai hannu ya sandare. 'Yarsa Ikhlas ta ce, "Yalla Abuya, jefa mana, ana ture mu!" Ya ce, "Ba ki gan shi ba? Ga shi tsaye." Ita ke karɓa ta jefa masa.

Da bakinsa ya ba ni labarin, lokacin uwar ta daɗe a ƙasa, babu sauran wanda zai roƙa. Wallahi ina wurin da ajalinsa ya zo. Ina laƙƙana masa kalmar shahada, shi kuwa idonsa na kan bango, yana cewa, "Kauce! Kauce!" A kan haka ya cika.

Haƙƙin mutum ba ya tambayar addininsa, ba ya tambayar unguwarku. Wanda ka zalunta, neme shi yau, tun yana jin sallamarka.

Allah ya kiyaye mu da ɗaukar haƙƙin wani, ya sa shahada ce ƙarshen maganarmu.