Hawayen Kififiya da Kazar Tabawa

Dalilin da ya sa kififiyar teku take zubar da hawaye in ta fito yin ƙwai, ta binne shi a rairayi, ta share wurin, ta koma ruwa ko waiwaye babu, wani mutum ne ya jawo, sunansa Tunau. Ku gyara zama. Wanda ya yi gyangyaɗi kuma, in ya farka ya ga takalminsa a kan rumfa, kada ya tambayi kowa.

A da can ba haka take yi ba. A fili take zuba ƙwanta cikin ɗan rami marar zurfi, a gaɓar wani ƙauye da ake kira Zangon Kwakwa, inda fatake suke sauke kaya in sun gangaro daga arewa. Kullum da almuru sai ta fito daga ruwa ta kwanta kusa da ƙwan tana yi masa hira. Wuni a tudu ne kawai ba ta iyawa, don rana busar da ita take yi. Saboda haka mutanen gari suke ba ta mai gadi da rana, ita kuma ta riƙa nuna wa masunta inda kifi ya taru.

Ana nan sai aka shiga wata shekara da 'yan'uwanta suka ƙare. Wasu taru ya ci su, wasu tukunyar baƙi. Ita kaɗai ta rage a gaɓar, ga tsufa. Da ta gama zuba ƙwanta sai ta ce wa Sarkin Ruwa, wato shugaban masunta, "Sarki, ina jin wannan shi ne na ƙarshe. A ba ni mutumin kirki."

Kafin Sarkin Ruwa ya buɗe baki, Tunau ya riga ya miƙe yana dukan ƙirji. Shi Tunau da fatake ya zo, jakinsa ya mutu a zangon, ya yi zamansa ya auri wata mai tuyar kifi, Tabawa.

"Gadi?" in ji shi. "Ni da na yi gadin jakai a dajin da sai kura ta yi mini sallama kafin ta wuce? Na taɓa riƙe zaki ta kunne har ya ce in yi masa rai. Inna, je ki yi barcinki a ruwa. Ko ƙuda ya sauka a kan ƙwan nan, sai ya faɗa mini sunan ubansa."

Tabawa ta sa bakin zane ta rufe bakinta. Ita ta san wanda yake hawa gado in kyankyaso ya shigo ɗaki.

Washegari da hantsi Tunau ya zo da sandarsa ya zauna. Bai daɗe ba sai ya ga rairayi yana motsi. Wata aba ta leƙo daga rami, idanunta a kan tsinke, hannunta kamar awartaki, tana tafiya a karkace. Ƙaguwa ce. Kafin ya gama salati wata ta fito, wata ma ta fito, duk sun nufo ƙwan. Mai riƙe zaki ta kunne ya yar da sanda ya haye kan wani kwalekwale da aka kife, yana cewa, "Kai! Ku tafi! Ban san ku ba!"

Da rana ta take suka koma ramukansu, ya sauko yana share gumi. Ya koma gari ya ce tsoro yake ji? Ai gara ƙasa ta tsage ya shige. Sai dabarar garinsu ta faɗo masa. Can arewa, in zabuwa ta yi ƙwai ba a bar mata, kaza ake sa wa ta kwanta a kai, ta ƙyanƙyashe, ta rena. "To me ya raba ƙwai da ƙwai?" in ji shi. Ya tuɓe rigarsa ya kwashe ƙwan kaf, ya tara rairayi a kan ramin ya yi tudu, ya bi ta bayan gari ya shige gida.

Tabawa tana da kaza wake-wake da ta fara kwanci a akurki. Da ta ga abin da yake turawa ƙarƙashin kazar sai ta dafe ƙirji.

"Maigida, me zan gani haka? Wannan ƙwan ko ɓawon kirki ba shi da shi, taɓa ka ji, kamar fata. Zafin rairayi ya sani."

"Ke dai ba ki san kiwo ba."

"Amana aka ba ka, ba a ce ka yi dabara ba. Kuma dubi yawansa. Fiffiken kaza nawa ne?"

Gaskiyarta. Kazar ta baje iya bajewarta, ta rufe na tsakiya, sauran duk suna waje a sanyi. Ta dubi ƙwan da ido ɗaya, ta juya ta dube shi da ɗayan, ta ga ba irin nata ba ne. Amma ba ta tashi ba.

Da almuru Tunau ya riga kififiya zuwa gaɓa, ya zauna can nesa da ramukan ƙaguwa. Ta jawo jiki da ƙyar ta iso, ta ga tudu.

"Malam Tunau, ina 'ya'yana?"

"Suna ciki, Inna. Rufe su na yi saboda tsuntsaye. Kada ki buɗe iska ta shiga."

"Allah ya yi maka albarka," in ji ta. "Ban taɓa samun mai gadi mai tunani irinka ba."

Ta kwantar da kanta a jikin tudun ta fara hira a hankali. "'Yan autana, kuna jina? In kun fito ku nufi inda ruwa yake ƙyalli. Kada ku tsaya kallon tsuntsu, ba abokinku ba ne. Akwai wata ciyawa mai laushi a bayan duwatsu, can uwata ta kai ni, can zan kai ku."

Haka ta riƙa yi kullum, tana magana da ramin da babu komai a ciki, Tunau yana zaune yana ji. Tuwo ya daina yi masa daɗi. A gida kuwa akurki ya fara wari. Tabawa ta riƙa tsince ƙwan da ya lalace tana binnewa a bayan ɗaki. Ta ce masa, "Ba zan tona maka asiri ba, amma ranar rantsuwa kada ka dube ni."

Wata rana da kififiya ta gama hirarta, Tunau ya ce, "Inna."

"Na'am, ɗana."

Maganar ta zo har bakinsa. Sai ya tuno da zaki da kunnensa, da yadda jama'a suka yi ta jinjina masa. "A'a, dama cewa zan yi yau ma na fatattaki ƙaguwa."

Ranar ƙyanƙyasa ta zo. A garin nan biki ne. Tun da sassafe kowa yake fitowa, yara su yi layi biyu daga ramin har bakin ruwa suna korar tsuntsaye da ganyen kwakwa, mata su shirya guɗa. Kififiya ta sa hannuwanta masu kama da filafili ta fara ture rairayi a hankali, don kada ta ji wa kowa ciwo. Ta tona, ta tona, har ta kai ƙasa mai danshi. Ta tsaya. Ta sake tonawa ta gefe. Babu ko ɓawo.

Jama'a suka juya suna duban Tunau.

"Tunau," in ji Sarkin Ruwa, "ina ƙwan baiwar Allah?"

"Ƙaguwa ce, ranka ya daɗe! Ta ƙarƙashin ƙasa ta biyo. Ni dai tun da na rufe ramin nan, in hannuna ya taɓa ƙwai ɗaya..."

Bai ƙarasa ba aka jiyo kukan kaza daga cikin gari, irin kiran da take yi wa 'yan tsaki. Jama'a suka dare. Sai ga waɗansu 'yan mitsi-mitsin kififiyoyi, yawansu bai kai goma ba, buɗu-buɗu da tokar akurki, suna ta sauri sun nufo ruwa. Bayansu kazar nan wake-wake, ta rame, ta saki fiffike, tana tsinto tsaba tana ajiye musu a gaba, su kuwa suna bi ta kai suna wucewa. Duk garin ba wanda bai san kazar Tabawa ba. Ta tsakanin ƙafafun Tunau ma suka bi.

Wata tsohuwa ta ce, "Tunau, yaushe kazar gidanka ta yi aure a teku ba a kawo mana goro ba?"

Ya buɗe baki zai kare kansa, sai wata 'yar ƙaguwa da ba ta fi ƙwallon dabino ba ta hau masa babban yatsa. Ya ƙwala ihu, ya yi tsalle ya ɗafe bayan Sarkin Ruwa ya ƙanƙame shi. Yara suka fashe da dariya. Amma dariyar ba ta yi nisa ba, don sun ga fuskar kififiya.

Ta bi 'yan ƙananan da hanci ɗaya bayan ɗaya, ta kai ƙarshe, ta sake dawowa farko kamar za su ƙaru. Ta dubi Tabawa. Tabawa ta sunkuyar da kai ta ce, "Sauran na binne su, Inna. Ki gafarce mu." A nan hawaye ya fara zubo mata, mai kauri, mai gishiri.

Ba ta zagi Tunau ba. Cewa ta yi, "Ɗana, da ka ce mini kana tsoron ƙaguwa, ai da na nemi wani. Tsoro ba abin kunya ba ne, ni ma tsoron rana nake ji, kowa ya sani. Abin da ya fi mini ciwo, kana zaune kana jina ina hira da rami."

Tunau ya sauko daga bayan Sarkin Ruwa ya durƙusa. Tun da ya zo garin, ranar ce aka fara ganin bakinsa a rufe.

Kififiya ta juya wajen kazar, wadda take ta safa da marwa a bakin ruwa tana kira, igiyar ruwa tana koro ta. "'Yar'uwa, ke ce ba a ba ki amana ba kika riƙe. Bar kira haka, zan kai su." Sannan ta ce wa jama'a, "Waɗannan da suka rage zan gaya musu, in sun girma su binne ƙwansu da hannunsu, su share wurin yadda ba mai ganewa, su bar wa Allah da rairayi. Kada kuma su dawo hira. Ba na so wata ta sha abin da na sha."

Ta shiga ruwa, 'ya'yan suna biye. Kazar ta tsaya a gaɓa har rana ta yi zafi, sai da Tabawa ta zo ta ɗauke ta a hannu.

Shi ya sa har yau, in Allah ya sa kun je bakin teku kun dace da kififiya ta fito, don yanzu ba su da yawa, za ku ga ta tona rami mai zurfi, tana zuba ƙwai hawaye yana bin fuskarta. Hawayen na 'ya'yan nan ne da aka yi wa hira ba su ji ba. Ku tsaya nesa, ku yi shiru, kada ku haska ta, kada ku ce za ku taya ta da wata dabara. 'Ya'yanta ma in sun fito ba sa tsayawa gaida kowa, ruwa suke nufa a guje. A Zangon Kwakwa kuwa, duk wanda ya fara ba da labarin zakin da ya riƙe ta kunne, ba a yi masa musu. Sai wani ya leƙa waje ya ce, "Yara, a kawo ƙaguwa."