Namijin Gwanda a Ranar Godiya

Akwai wani mutum mai ɗan lambu a gefen gidansa. Lambun bai fi shimfiɗar tabarma goma ba, amma ya san shi kamar tafin hannunsa. Da damina kuɓewa da yakuwa, da rani alayyahu da albasa, yana ba su ruwa daga rijiya safe da yamma. Kwaɗi na kwana ƙarƙashin ganyen kabewarsa, bai taɓa korar ko ɗaya ba.

Abu ɗaya ne ke ci masa rai. Kowace shekara, ranar bikin godiya na kaka, maƙwabtansa sukan jera manyan gwanda a gaban majami'a, shi kuwa sai ya ajiye ƙwaryar kuɓewa ya koma wurin zamansa da sauri. Saboda haka ya samo irin gwanda mai kyau, ya shuka uku a jikin danga. Akuya ta cinye biyu. Ta ukun ya kewaye ta da ƙaya, ya zuba mata taki, ya yi ta lallaɓa ta har ta fi shi tsawo.

Da lokacin fure ya yi, sai furanni suka sauko a dogayen sillaye, farare, masu ƙanshi. Suka bushe, suka zube, wasu suka fito. Ɗa kam ko ɗaya babu. Ashe namijin gwanda ya shuka.

To, mutanen ƙauyen nan ba sa barin namijin gwanda ya ga damina biyu. Da an gane shi, sai adda. Maƙwabta suka fara leƙowa ta kan danga suna cewa, "Maigida, yaya amarya? Har yanzu shiru?" Wani ya ce ya soka wa itacen totuwar masara, zai koma mace. Ya soka. Wani ya ce ya ɗaura masa tsohon zane. Mutumin nan, magidanci da gemunsa, ya ɗauko zanen matarsa ya ɗaura wa itace. Itacen ya ci gaba da furensa, ko a jikinsa.

Da shekara ta kewayo, saura wata uku godiya, haƙurinsa ya ƙare. Ya wasa adda da sassafe, ya nufi danga. Yana ɗaga hannu sai ya ji murya.

"Ɗana, dakata!"

Tsohuwar da ke maƙwabtaka da shi ce, wadda gwandarta ta fi ta kowa zaƙi.

Ya ce, "Iya, shekara biyu yana shan ruwana yana cin takina. Me ya ba ni in ba kunya ba?"

Ta ce, "Zauna nan ka duba inda baƙinsa suke zuwa. In rana ta ɗaga ba ka ga kome ba, ni zan riƙe maka itacen ka sare."

Ya zauna don ganin girmanta kawai. Can sai ya lura da ƙudan zuma. Suna shiga furen, suna fitowa da ƙura rawaya a ƙafafunsu, su tsallake danga su sauka a kan gwandar tsohuwa. Wasu suka wuce gidan gaba, wasu suka yi hanyar rafi inda lambunan mutane suke.

Tsohuwar ta ce, "A garin da aka haife ni, wata shekara aka sare mazan gwanda duka. Matan suka yi fure, 'ya'yan suka kai girman ƙwan kaza, suka yi ta faɗuwa. Na zaga ƙauyen nan da ƙafata, ɗana. Naka ne kaɗai namijin da ya rage."

Mutumin ya dubi addar, ya dubi itacen, ya ajiye addar. Ya kwance zanen, ya zare totuwar, ya je ya ɗebo ruwa guga biyu.

Ranar godiya ta zo. Gwanda ta taru a gaban majami'a har ta kai gwiwa, ba a taɓa ganin irinta ba. Ya zo da ƙwaryar kuɓewarsa, amma wannan karon bai yi sauri ba. Ya tsaya yana kallon tulin ɗaya bayan ɗaya, ƙirjinsa cike da murna, kamar uban da 'ya'yansa suka dawo gida hutu.

Wani maƙwabci ya taɓa shi ya ce, "Maigida, ina taka?"

Ya nuna tulin da hannu biyu, ya ce, "Ɗauki wadda ka ga dama, ka tambaye ta gidan ubanta."

Ma'anar wannan misali ita ce: lambunan ƙauyen nan su ne ikilisiya, itatuwan kuwa mu ne. Akwai waɗanda Ubangiji ya rataya wa 'ya'ya a fili, masu wa'azi da masu waƙa, kowa na ganinsu. Akwai kuma waɗanda hidimarsu ke tashi daga wurinsu ta je ta nuna a gidan wani. Uwar da ta koya wa yaro addu'a kafin ya iya ɗaura wando, malamar da ta yi shekara ashirin da yara a ƙarƙashin itace, dattijon da ba ya iya karatu amma yana ambaton sunan kowa a gaban Allah kullum. Ƙudan zuman aikin Ruhu ne, shi ke ɗaukar abin da suka bayar ya kai inda ba su sani ba.

In kai ne irin wannan, ɗaga kanka. Ba zunubi ba ne ka yi alfahari da abin da Allah ya yi ta wurinka, muddin ka san mai lambun. In kuwa kai ne mai 'ya'ya a fili, ka kiyaye harshenka, gama kalmar raini tana sare mutum. Kafin ka fita yau, nemi wanda ya share bencin da kake zaune a kai, ka gaishe shi da sunansa. In ba ka san sunan ba, to, da kai ake wannan misali.