Maigidan da Ya Riƙa Tone Gambarsa

Akwai wani mutum da ya gina gidansa a gindin tudu, can bakin gari. Ginin jar ƙasa ne aka shafe da siminti. Tsakanin tudun da ɗakin da yaransa suke kwana akwai fili mai gangara, kuma duk ruwan saman da ya sauka a kan tudun, ta wannan fili yake bi. Mutumin ya san in ya bar filin ba komai, ruwa zai kwashe ƙasar ya ci gindin ginin. Sai ya sayo ciyawar nan ta ƙasar waje da ake shimfiɗawa a gaban manyan otal, ya dasa. Ta yi kore shar, har masu wucewa sukan tsaya su kalla.

Amma fa ciyawar nan akwai ta da shan ruwa! Safe ban ruwa, yamma ban ruwa, ga aski ba hutu. Da rani ya yi nisa, sai guga ya fara fitowa da laka daga rijiyar gidan. Matarsa ta ɗauko gugan ta dire a gabansa, ta ce, "Baban yara, sai ka zaɓa. Ko ciyawa ta sha, ko yara su sha."

Da damina ta zauna, ya ɗauki fartanya ya kwashe baƙuwar ciyawar kaf. Ya shiga jeji ya haƙo tamu ta gida. Kiri-kiri mai yaɗo ya baza a tsakiyar filin. Gamba kuwa ya ciro ta da tushenta ya jera a bayan ɗakin yara, domin saiwarta tana nutsewa ta riƙe ƙasa. Duka suka kama. Ba mai ba su ruwa, ba mai yi musu aski, rijiya ma ta huta.

Kaka ta wuce, ruwa ya ɗauke. Ciyawar ta bushe ƙayau, kamar yadda ciyawar ƙasarmu take yi kowace shekara. Ya yanke kan gambar, ya bar tushen. Ɗan manomi ne fa. Tun yana yaro yake ganin gamba tana bushewa da rani, ta toho da ruwan fari. Ya san wannan sarai.

Ran nan wani maƙwabcinsa ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Af! Ashe ciyawar taka ta mutu? To, Allah ya sa kada ruwan fari ya same ka a haka."

Shi ke nan, hankalin mutumin ya tashi. Maganar ta zauna masa a rai. Gambar jeji tsohuwa ce, tasa kuwa dashen bana. In saiwar ba ta yi nisa ba fa? In ta mutu a ƙasa bai sani ba? Ya dubi tudu, ya dubi bangon ɗakin yaransa. Abinci ma ya daina yi masa daɗi.

Kashegari ya ɗauki fartanya ya je bayan ɗakin, ya tone gindi ɗaya don ya gani da idonsa. Ga saiwa nan fara tas, da danshinta. Ya yi ajiyar zuciya, ya mayar da ita, ya tattake ƙasar. Ya samu sauƙi na wuni guda. Gari na wayewa sai zuciyarsa ta ce masa, "Wannan ɗaya ka gani. Na kusa da ita fa?" Ya tone na kusa da ita. Haka ya yi ta bin layin nan gindi bayan gindi, in ya kai ƙarshe ya dawo farko, wai ko wadda ya duba ta lalace bayan tafiyarsa. Kowane tono, ƙananan saiwoyi suna tsinkewa, zafin rana yana dukan abin da Allah ya ɓoye a ƙasa. Tsakiyar filin kuwa ko kallonsa ba ya yi, domin ba can tsoronsa yake ba.

Matarsa ta ce, "Haba, Baban yara! Ka bar abin nan ya huta mana."

Ya ce, "Ke ba ki gane ba. Yaranmu ne a bayan bangon nan. Dubawa kawai nake yi."

Bazara ta kawo kai. Zafi ya tsananta, hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa. Duk ranar da ya haɗu, mutumin ya rasa inda zai sa kansa, sai ya koma bayan ɗaki da fartanya.

Wata rana da yamma hadarin bai watse ba. Iska ta taso, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ja-ja-wur ya gangaro daga tudu. Da ya iso tsakiyar filin, kiri-kiri ya riƙe ƙasarsa, ruwa ya wuce ta kai. Da ya iso bayan ɗakin yara, sai ya tarar da ƙasa sako-sako, tonanniya, da matattun tushe a ciki. Ya kwashe su duka, ya shiga cin gindin bango. Uwar ta ji ginin yana ƙara, ta yi kururuwa, suka fizgo yaran suka yi waje. Ba a jima ba kusurwar ɗakin ta zube a kan tabarmar da suke zaune a kai ɗazu.

Bayan 'yan kwanaki filin ya yi kore ko'ina. Can a lungu, wani gindin gamba da ya manta da shi ya fito da toho mai kyau. Wuri ɗaya ne bai tsira ba, shi ne layin da ya fi ƙauna, wanda ya yi ta dubawa. Mutumin ya tsaya a bakin ramin, ya yi kuka.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: filin nan rayuwarmu ce. Baƙuwar ciyawa ita ce addinin ganin ido, mai kyau a waje, mai shanye rijiyar gida. Da yawanmu mun rabu da ita, mun gode Allah. Mun dasa abin kirki. Mun koya wa 'ya'yanmu Maganar Allah, mun miƙa damuwarmu ga Ubangiji cikin addu'a. Rani kuwa shi ne lokacin da ba ka ganin komai yana motsi. Yana zuwa wa kowane mai bi. A nan ne muke ɗaukar fartanya.

Ni kam abin nan yana ba ni tsoro, domin ina ganinsa a cikin ikilisiyar nan. Ɗanka ya tafi birni karatu. Ka rene shi cikin tsoron Allah, amma kullum kana kan waya: "Ina kake? Da wa kake? Ka je sujada kuwa? Ba ƙarya kake yi mini ba?" Har yaron ya fara ganin kiranka ya kife wayar. Ke kuma, mijinki ya tuba bai daɗe ba, kin tsare shi da bincike, kina tono masa laifin bara don ki ga ko tuban na gaske ne. Wani ya yi addu'a da safe ya ce ya bar wa Ubangiji, kafin rana ta take ya je ya karɓo abinsa. In aka yi magana mu ce kulawa ce.

Ban ce ku yi sakaci ba. Ku kore awaki, ku cire ƙaya, ku yi gargaɗi in ya kama. Wannan aikinku ne. Amma abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba naku ba ne. Wanda ya ba gamba saiwa, shi ne yake tsaron ta cikin rani, bai kuwa taɓa neman taimakon fartanyar kowa ba.

Ku lura, mutumin nan ba mugu ba ne. Yaransa yake so, tsoro ne ya sa shi tono. Amma ruwa bai tambayi niyyarsa ba. Saboda haka kowa ya tambayi kansa yau kafin ya fita ƙofar nan: wane gindi nake tonewa? Ka san shi, domin shi ne wanda ka fi so. Hadari yana haɗuwa, ɗan'uwa, yaranka kuma suna bayan bangon nan. Ka ajiye fartanyar, ka durƙusa.