Ɗakin Bulon Haladu

Haladu magini ne, ɗan magina, a wani ƙauye da ke bakin fadama tsakanin Haɗeja da Auyo. Hannunsa yana da kyau a aikin ƙasa. In ya ɗora bangon tubali, ko tsofaffi sai sun tsaya sun duba. Amma yana da hali guda da ya zame masa ciwo: ba ya jure a ce wani ya fi shi. Ƙasar da yake ci da ita ma kunyarta yake ji.

Matarsa Zinariya 'yar cikin garin Haɗeja ce, kuma ita ta zaɓe shi da kanta. Tun suna zance ya yi mata alkawarin ɗakin bulo mai shuɗin fenti irin na gidan mahaifinta. Ta yi dariya ta ce ita ba bango ta zo aura ba. Shi kuwa bai manta ba. Shekara huɗu suka yi a ɗakin ƙasa, kullum danginta suka zo sai ya ji kamar bangon suke kallo.

Ƙarfinsa bai kai ga bulo ba, sai ya yi dabara. Da mazan ƙauyen suka tare a gonakin shinkafar rani, ya kewaye filinsa da zana, ya buga bulon ƙasa a akwatin buga bulon siminti. Bai tona harsashi mai zurfi ba saboda gaggawa. Ya shafe ginin ciki da waje da siminti har ƙasa, ya ja layuka irin na bulo da bakin cokalinsa na gini, ya yi fenti. Sannan ya jibge bulon siminti 'yan kaɗan a ƙofar gida don masu wucewa. Ban da matarsa babu wanda ya san abin da ke cikin bangon.

Maƙwabcinsa Tukur ya leƙo ya riƙe baki. "Kai Haladu! Ka shige gidan bulo ka bar mu cikin ƙasa kamar gara?"

"Kai ma in ka daina cin kifin da kake kamawa za ka yi," in ji Haladu, yana jin daɗi har cikin ƙashinsa.

Da bazara wasu masu bincike daga wata jami'a suka zo ƙauyen. Suna son sanin irin ginin da ke riƙe sanyi ba tare da fanka ba, da wanda ke jure ruwan fadama. Gida-gida suka bi suna tambayar da me aka yi gini, suna rataya ɗan ma'aunin zafi a kowane ɗaki. Shugabarsu wata injiniya ce mai suna Bara'atu. Da ta tambayi Haladu, a gaban mutane ya ce, "Bulo ne, Malama, tun daga ƙasa har sama."

Bayan mako guda ta dawo ta sauke ma'aunin. Ta duba shi, ta sake dubawa.

"Malam Haladu, duk ɗakunan bulon da muka auna, da rana kamar tanderu suke. Naka kuwa sanyinsa ɗaya da na tubali."

"Hannu ne ya bambanta," ya ce.

Ba ta yi musu ba. Ta durƙusa ta ƙwanƙwasa gindin bangon da yatsa. Sautin ya fito kamar na ƙwarya. Ta miƙe ta ja shi gefe, inda ba wanda zai ji sai Zinariya da ke tankaɗe a bakin madafi.

"Ba tona maka asiri na zo yi ba," ta ce a hankali. "In ƙasa ce a ciki, ba abin kunya ba ne, abin da muke nema ke nan. Amma ka fi ni sani, ƙasa numfashi take yi. Nan ruwa daga ƙasa yake tasowa. Makuba, shafen da aka saba yi wa bangon ƙasa, tana barin danshi ya fita, siminti kuwa kulle shi yake yi a ciki. Bangon zai narke ta ciki alhali fentin yana ƙyalli. Ka ɓamɓare simintin daga ƙasa zuwa gwiwa, ka ɗaure gindin da jan bulo, ka yi dakali. Za mu nuna wa masu gidajen ƙasa yadda ake yi. In sa sunanka?"

Haladu ya kalli jama'ar da ke ƙofar gida. Ya ɗaga murya ya ce, "Na ce miki bulo ne."

Ta rubuta abin da ya faɗa, ta tafi.

Washegari da safe Zinariya ta ajiye masa koko ta zauna kusa da shi.

"Maigida, ka ɓamɓare shi. Ni zan riƙa kwashe maka ɓaraguzan."

"In ɓamɓare Tukur ya gani? Yayyenki su ji?"

"Su ji mana. Na yi shekara huɗu a ɗakin ƙasa da kai, ka taɓa ganin na rame?"

Ya yi murmushi, ya kama hannunta. "Bari damina ta wuce. Amma ki yi mini alkawari, bakinki ba zai faɗa wa kowa ba."

Ta kalle shi ta ce, "Na yi."

Maƙwabta da yawa suka ɗaure gindin ɗakunansu, kuma Haladu ne ma ya yi wa wasunsu aikin. Nasa bai taɓa ba.

A watan Agusta aka yi kwana tara ana ruwa. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin kogi, ruwa ya cika fadama, ƙasa ta riƙa tsattsafo da shi a tsakar gidaje. Aka yi shela maza su fita yin jinga da buhunan yashi don tare ruwa. Haladu yana ɗaura wando sai ga Tukur goye da mahaifiyarsa, Iya 'Yar'azumi, tsohuwar da ƙafafunta suka daina ɗaukarta.

"Rufin ɗakin Iya yana yoyo," in ji Tukur. "Na ce ina za a kai ta in ba gidan bulo ba?"

Zinariya ta ɗago ta kalli mijinta. Ya ga kallon, ya san abin da take roƙo. Maganar ta zo masa har baki. Sai ya ga maza biyar a tsaye a bayan Tukur suna jiransu.

"Bismillah," in ji Haladu. "Ai don irin wannan rana aka yi shi."

Bayan azahar suna cikin ruwa har ƙugu suna jera buhuna, suka ji kururuwar mata daga ƙauye. Haladu bai tambayi kowa ba. Ya yar da buhun ya ruga.

Bangon gabas na ɗakinsa ya zauna gaba ɗaya, rufin ya biyo shi. Simintin ya tsage falle-falle kamar ɓawon ƙwai, baƙin taɓo yana malalowa daga ciki. Da hannu suka yi tono. Suka fara samun Iya a bakin ƙofa, da rai, kafaɗarta a karye. Zinariya tana bayanta, katakon rufi a kan wuyanta. Hannayenta har lokacin suna riƙe da zanen tsohuwar.

Da aka dawo daga maƙabarta bayan binne Zinariya, Iya ta sa aka kira mata Haladu. Tana kuka take magana.

"Ɗan nan, tun hantsi Zinariya take cewa, Iya tashi in kai ki rumfa. Na ce ruwa ake yi, ina zan fi ɗakin bulo? Ta ce ni dai tashi. Na ce faɗa mini dalili. Ta ƙi faɗa, sai hawaye. Da bangon ya fara ƙara, sai ta kama ni tana ja."

Tukur yana tsaye da dunƙulen taɓon a hannunsa. Bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. "Haladu," ya ce, "ko ni kaɗai da ka faɗa wa."

Haladu ya buɗe baki a gaban duk mutanen da ya ji tsoron dariyarsu, ya ce, "Ƙasa ce." Babu wanda ya yi dariya.

Darasi: Mai karatu, ka faɗi gaskiyar abin da kake da shi, musamman ga wanda ya zo da ilimi don ya taimake ka. Ƙasa ba ta ci amanar Haladu ba, shi ya rufe ta da ƙarya don gudun dariyar da ba za ta wuce kwana biyu ba. Kuma kada ka ɗora wa mai ƙaunarka alkawarin rufa maka asirin da zai cutar da rai, domin mai ƙauna yakan cika alkawari ko da shi ne zai biya da ransa.