Layin da Muzzammil Ya Ja a Filin Kalgo

Ranar Asabar, 14 ga Disamba, 2024, aka fara wannan zalunci, kuma har yau ba a gyara shi ba.

Akwai wani saurayi a Gwandu mai suna Muzzammil, wanda burinsa ya zama ɗan jaridar da ke bayanin na'urorin wasanni, irin kyamarorin da ke taimaka wa alƙalin wasa a Turai. Yana da shafi a intanet da waya mai kyau, da wata manhaja da ke tsayar da bidiyo a ja layi a kai. Yaro ne mai ƙwazo, wannan ba a musu.

A ranar aka buga wasan ƙarshe na kofin matasa tsakanin Gwandu da Kalgo a filin wata makaranta a Kalgo. Alƙalin wasan Malam Dauda ne, malamin motsa jiki, mutumin Zuru da ya daɗe yana hura usur a yankin ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Ana dab da tashi Kalgo ta jefa ƙwallo. 'Yan Gwandu suka ce satar gida ce, Malam Dauda ya ce ƙwallo ta ci.

Muzzammil yana tsaye a kan babur yana ɗauka. Da ya koma gida ya tsayar da hoton, ya hango wani baƙin layi a ƙasa, ya ɗauka layin yadi sha takwas ne. Ya ja jan layinsa daidai da shi, sai ga ɗan wasan Kalgo ya wuce mai tsaron baya. Ya saki bidiyon da rubutu: "Na'ura ba ta ƙarya. Nawa aka ba alƙali?"

Bidiyon ya zaga Gwandu da Kalgo har Birnin Kebbi. Kwamitin gasar ya dakatar da Malam Dauda ba tare da ya saurare shi ba. Shi kuwa Muzzammil, wata kafar labaran wasanni a Abuja ta ɗauke shi wakili saboda wannan bidiyon.

Bayan 'yan watanni masu kafar suka ce ya koma filin ya nuna yadda ya yi aikin. Ya je da rana tsaka, babu kowa. Ya nemi baƙin layin, ya same shi, ya taka shi. Sai ya ga layin bai miƙe ba, a karkace yake tafiya har ya nufi kusurwa. Layin jifan mashi ne da makarantar ta zuba da baƙin mai lokacin wasannin ɗalibai. Layin ƙwallo na gaskiya da toka ake yin sa, kuma ƙafafu sun share shi tun kafin a tafi hutun rabin lokaci.

Ya zauna a gindin turken raga ya sake jan layin yadda ya kamata. Ɗan wasan Kalgo bai wuce mai tsaron baya ba, bai ma yi kusa ba. Ya sake ja ko zai ga wani abu dabam. Bai gani ba.

Ya goge bidiyon daga shafinsa shiru. Abinci ya daina yi masa daɗi. In ya ji yara suna hura usur a layi sai gabansa ya faɗi. Daga ƙarshe ya hau babur ya tafi gidan Malam Dauda, ya same shi a ƙofar gida yana ɗinke wata tsohuwar ƙwallo.

"A'a, mai na'ura ne da kansa? Zauna mana. Yau kuma wa aka kama?"

Muzzammil ya durƙusa. "Malam, ni na yi kuskure. Layin ba na ƙwallo ba ne. Hukuncinka daidai ne. Don Allah ka yafe mani."

Malam Dauda ya ajiye allura. "Na san daidai ne, ina wurin. Wa ka faɗa wa?"

"Kai kaɗai. Amma na goge bidiyon."

"Ka goge na wayarka. Na wayoyin mutane fa? Ɗiyata Esta ta daina zuwa kasuwa, don in ta taya kaya sai a ce ta biya da kuɗin ƙwallo. Ni kuma ɗalibaina in na ba su maki, sai ka ji wani daga baya ya ce nawa aka ba Malam."

"Malam, in na faɗa a fili, korata za su yi daga aiki."

"Haka ne, ɗana. Ni ai an riga an kore ni."

Malam Dauda ya ce tsakaninsa da Muzzammil ya yafe, ya sa aka kawo masa ruwa, ya raka shi har bakin hanya. Wannan rakiyar ta fi zagi yi masa ciwo.

Har yanzu yana aikinsa, yana rubutu kan kyamarorin filayen Turai. Malam Dauda kuma har yanzu a dakace yake.

Darasi: Na'ura abin da ka nuna mata take nuna maka, don haka wanda zai yi aikin jarida ya je ya taka wurin da ƙafarsa kafin ya taɓa mutuncin wani. Kuma nadamar da aka ɓoye ba ta wanke wanda aka ɓata. Na yi shekaru ina gyaran takardun ɗalibai, ban taɓa karɓar gyaran da aka yi a zuci ba. Muzzammil, ka saka hoton gaskiya a shafin da ka saka na ƙarya, ka ambaci Malam Dauda da sunansa, ka ba shi haƙuri a bainar jama'a. Kwamitin gasa, ku ma ku nemi afuwarsa ku mayar masa da usur ɗinsa. Duk wanda ya tura wancan bidiyon, ya tura wannan rubutun.